Dattijan da suka kewaye gawar maƙwabcina: wace irin 'yan'uwantaka ce wannan?

TAMBAYA: Assalamu alaikum. Ina zaune a Atlanta ta ƙasar Amurka. Kwanakin baya maƙwabcina ya rasu, dattijo ne baƙar fata, tsohon malamin makaranta. Da na je gaisuwa ana gobe jana'iza, sai ga maza sun fi talatin, wasu na dogara sanda, wasu matasa ne, kowa cikin baƙar kwat da ɗaurin wuya mai ruwan zinare. Suka kewaye akwatin gawar, suka riƙe hannun juna, suka rera waƙa. Matarsa ta ce mini 'yan'uwansa ne na jami'a, kuma su ne suka yi mata waƙa ranar aurensu. Wace irin ƙungiya ce da har bayan shekara hamsin ba ta watse ba? Ba irin ƙungiyoyin asirin jami'o'inmu ba ce? Na tambaya ne don ɗana zai shiga jami'a bana.

AMSA: Wa'alaikumus salam, Malam. Madalla da ka je gaisuwar, haƙƙin maƙwabtaka ke nan. Baƙi da ruwan zinaren da ka gani launin ƙungiyar Alpha Phi Alpha ne, kuma abin da suka yi shi ne bankwanan da suke wa duk ɗan ƙungiyar da ya rasu. A wajensu mamacin bai fita daga cikinsu ba, an dai mayar da sunansa wani reshe da suke kira Omega, wato harafin ƙarshe a baƙaƙen Girkanci.

Asalin irin waɗannan ƙungiyoyi na ɗalibai maza, masu suna da haruffan Girkanci, ya kai shekarar da Amurka ta ayyana 'yancinta. A Disambar 1776 ɗaliban Kwalejin William and Mary da ke Bajiniya suka kafa Phi Beta Kappa, wadda daga baya ta zama ƙungiyar karrama haziƙai. Salon da aka sani yau ya fara ne a 1825 da Kappa Alpha Society a Kwalejin Union ta jihar Niyok. Shekaru masu yawa ƙofofinsu a rufe suke ga baƙar fata, wasu ma sun rubuta hakan a tsarin mulkinsu.

Daga wannan wariyar ƙungiyar maƙwabcinka ta fito. Ranar 4 ga Disamba 1906 ɗalibai baƙar fata bakwai suka kafa ta a Jami'ar Cornell, inda 'yan tsiraru ne su, ba mai tsaya musu. Kappa Alpha Psi ta biyo baya a Jami'ar Indiyana a 1911, Omega Psi Phi a Jami'ar Howard ita ma a wannan shekarar, sai Phi Beta Sigma ita ma a Howard a 1914. Idan aka haɗa da na mata da wadda ta zo daga baya, ƙungiyoyi tara ne. A zamanin da otal zai iya hana baƙar fata ɗaki komai digirinsa, samun ɗan'uwa a baƙon gari na nufin samun masauki, da lauya, da wanda zai kai ka wajen mai ɗaukar aiki. Martin Luther King da Thurgood Marshall, baƙar fata na farko a Kotun Ƙolin Amurka, 'yan Alpha ne. Nnamdi Azikiwe da Kwame Nkrumah, da suka yi karatu a Amurka, 'yan Phi Beta Sigma ne.

To me ya sa abin ba ya watsewa? Mutane sukan ɗauka rantsuwar sirri ce ke ɗaure su. Ni a ganina rantsuwa ita ce mafi ƙarancin dalili. Hausawa sun ce zumunta a ƙafa take, su kuwa waɗannan sun yi wa ƙafar tsari. Kusan kowane babban gari yana da reshen waɗanda suka gama karatu. Alpha ta buɗe irinsa na farko tun 1911 a Louisville ta jihar Kentaki. Reshen na zaman taro a kai a kai, yawanci wata-wata, ana biyan kuɗin shekara, akwai ma'aji da sakatare, akwai wanda aikinsa sanar da rashin lafiya ko rasuwa. Mutum ya tashi daga Shikago ya koma Atlanta, sai ya kai kansa reshen can, ya tarar da kujerarsa. Shi ya sa ka ga matasa a wajen gawar. Wataƙila wasunsu ba su taɓa yin doguwar hira da marigayin ba, amma sanarwa ta fita, zuwa kuma ya zama wajibi.

Cikin taron akwai 'yan kaɗan da mutuwar ta fi yi wa ciwo, su ne waɗanda aka shigar da su rana ɗaya da shi. A al'adar ƙungiyoyin baƙar fata akan jera sababbin shiga layi, sau da yawa bisa tsayi, kowa da lambarsa, kuma har tsufa mutum na tuna wanda ke gabansa da wanda ke bayansa. Kusancinsu ya yi kama da na yaran da aka yi wa kaciya tare, suka yi jinya a zaure guda. Su ne abokan ango idan aure ya zo, su ne masu ɗaukar akwati idan mutuwa ta zo.

Ranar biki, ana tsakiyar walima sai a kira 'yan ƙungiyar ango su fito. A zaunar da amarya kan kujera a tsakiyar fili, su kewaye ta, ango ya tsaya gabanta ko ya durƙusa, su rera mata waƙar da ƙungiyar ta tanada don matan 'ya'yanta. Daga nan su sarƙe hannuwa su yi taken ƙungiya. Duk ɗan ƙungiyar da ke wajen yana da damar shiga da'irar, ko da ta ɓangaren amarya aka gayyace shi. Ma'anar abin ita ce sun karɓi matar nan amana, kuma ka ji da kunnenka yadda matar maƙwabcinka ba ta manta ba.

Bankwanan mutuwa kuwa da izinin iyali ake yin sa, galibi kafin addu'ar coci. Kowace ƙungiya da sunan da take ba matattunta: Kappa Alpha Psi na cewa sun shiga reshen da ba a gani, Sigma Chi, wadda aka kafa a 1855, na cewa reshe na har abada, 'ya'yanta kuma sukan ajiye farar fure. Da John Lewis, ɗan majalisa kuma jagoran gwagwarmayar 'yancin baƙar fata, ya rasu a Yulin 2020, 'yan Phi Beta Sigma sun yi masa nasu bankwanan a ginin majalisar jihar Jojiya, nan garinku. Wani lokaci riƙon amanar kan wuce jana'iza nesa: 'yan Alpha ne suka ɗauki shekaru suna fafutuka har aka gina wurin tunawa da King a Washinton, aka buɗe shi a 2011.

Batun ƙungiyoyin asiri, akwai dangantaka ta tarihi. A farkon shekarun 1950 Wole Soyinka da abokansa shida suka kafa Pyrates a Kwalejin Jami'a ta Ibadan, kuma ba don ta'addanci suka kafa ta ba. Daga baya ne wasu ƙungiyoyi suka ɓullo suka koma sara da kisa. Na Amurka suna da rajista da ofisoshi, jami'a ta san shugabanninsu, 'ya'yansu na yawo da rigar ƙungiya a fili. Abin da suke ɓoyewa shi ne yadda ake bikin shigarwa, da wasu kalmomi da salon musabaha.

Amma kada kyan abin da ka gani ya rufe maka ido, domin ƙofar shiga ita ce wajen haɗari. Gallaza wa sababbin shiga da duka, da hana barci, da ɗura musu giya ya kashe ɗalibai da dama. A Fabrairun 2017 wani ɗan shekara 19 ya mutu a Jami'ar Penn State bayan an sa shi shan giya fiye da ƙima a daren karɓarsa, ya faɗo daga matakala, waɗanda ke kiran kansu 'yan'uwansa kuma suka yi sa'o'i ba su kira motar asibiti ba. Wannan labari yana ci mini rai duk lokacin da na tuna shi. Ƙungiyoyin baƙar fata sun soke tsohon tsarin gwajin a hukumance tun 1990, amma ana ci gaba da yi a ɓoye a wasu rassa. A Disambar 2024 aka sa hannu kan dokar tarayya da ta tilasta wa jami'o'i bayyana irin waɗannan laifuka.

Don haka ku zauna da yaron ku duba rahoton jami'arsa kan reshen da yake sha'awa, domin ƙungiya ɗaya tana iya samun reshe nagari a nan, ɓatacce a can. Ya tambayi kuɗin da ake biya, ya tambayi matsayin giya a gidansu, ya kuma tambaya ƙarara ko akwai abin da za a sa shi furtawa ko aikatawa da ya saɓa wa addininsa, don addu'o'i da waƙoƙin da yawa daga cikinsu na da tushe a Kiristanci. Akwai Alpha Lambda Mu, wadda ɗalibai Musulmi suka kafa a Jami'ar Texas da ke Dalas a 2013, sai dai ba kowace jami'a take da reshe ba. Kuma babu gaggawa. Ƙungiyoyin baƙar fata suna karɓar mutum ko bayan ya gama digiri, ta hannun rassan manya, King ma sai a 1952 ya shiga, yana karatun digirin digirgir a Boston. Shawarata ya bar shekarar farko ta wuce yana kallon halin 'yan reshen kafin ya kai sunansa.