Ba'a ga al'adar gida: raha ce kawai ko tana da amfani?

Ka tambaya ko rubutun da ke yi wa al'adun da aka saba da su shaguɓe yana sauya tunanin mai karatu, ko dariya ce kawai. Yana sauyawa, malam, idan marubucin ya iya.

Dubi abin da Horace Miner, masanin halayyar al'ummomi ɗan Amurka, ya yi a 1956. Ya wallafa maƙala a mujallar American Anthropologist kan wata "ƙabila" wai ita Nacirema. Ya ce kowane gida da ɗakin tsafinsa, da akwatin layu maƙale a bango. Kullum mutum sai ya cusa ɗan ƙullin gashin alade a baki da garin magani, ya yi ta gogawa. Mata kuwa gasa kawunansu suke yi a 'yar tanda. Ba'amurke na karantawa yana yamutsa fuska, sai can ya farga: ashe banɗakinsa ne, da buroshin haƙori, da na'urar busar da gashi. Sunan ma American ne aka juya.

Miner bai ƙirƙiri wata al'ada ba. Lafazin da masu binciken Yamma ke bayyana wasu al'ummomi da shi ya ara, su "tsafi" da "boka", ya ɗora wa mutanensa. Laifi tudu ne, ka taka naka ka hango na wani. Shi sai ya sa mai karatu ya dubi wanda yake takawa.

Amma fa dabarar tana cin wanda bai san sirrin ba ne. Shi ya sa malaman jami'a kan ba sababbin ɗalibai maƙalar ba tare da bayani ba, su bari su gama yanke hukunci tukuna.