Tambaya da Amsa: Shin ɗa na huɗu ne ke zuwa da sikila?

Tambaya: Ni da maiɗakina dukkanmu AS ne, kuma Allah ya ba mu 'ya'ya uku waɗanda gwaji ya nuna babu mai sikila a cikinsu. An gaya mana cewa ɗaya cikin huɗu ne ke fitowa SS. Ke nan cikin da take ɗauke da shi yanzu shi ne zai zo da cutar? Daga wani mai karatu a Zariya.

Amsa: Malam, Allah ya sauke ta lafiya. Lissafin ɗaya cikin huɗu gaskiya ne, amma ba layi ake bi ba, domin kowane ciki da nasa rabon, kuma abin da ya faru da yayyensa ba ya ƙara masa haɗari ko rage masa.

Kusan kowace ƙwayar halitta mai cibiya a jikin mutum tana ɗauke da kuromosom 46, wato ƙunshe-ƙunshen umarnin halitta da ake gado, rabi daga uba, rabi daga uwa, kuma a kan na 11 ne umarnin ƙera wani sashe na himogulobin yake, wato sinadarin da ke ɗaukar iskar oksijin a cikin jajayen ƙwayoyin jini. Mai AS yana da kwafi biyu na wannan umarni, ɗaya lafiyayye, ɗaya mai sauyi, amma kwafi ɗaya tak yake miƙa wa ɗansa, ba tare da zaɓi ba. Tamkar a jefa kwabo biyu sama ne a kowane ciki: kashi 25 cikin 100 AA (kwafi biyu lafiyayyu), kashi 50 AS, kashi 25 SS (kwafi biyu masu sauyi, wato mai sikila). Shi ya sa za a ga gida mai 'ya'ya shida babu mai cutar, a ga wani gidan kuma 'ya'ya biyu na farko duk sun zo da ita.

Sauyin kansa ɗan ƙanƙane ne, domin tubali ɗaya ne ya canja a jerin tubalan sinadarin, amma idan oksijin ya yi ƙaranci sai himogulobin ɗin ya harhaɗe ya sandare, ƙwayar ta lanƙwashe kamar lauje ta toshe ƙananan jijiyoyi. Lafiyayyar ƙwaya takan yi kwana 120 tana aiki, mai sikila kuwa ba ta wuce kwana 10 zuwa 20, wanda shi ne tushen ƙarancin jinin. Yawan masu AS a ƙasashenmu ma yana da dalili, tun da a 1954 wani masanin kimiyya mai suna Anthony Allison ya nuna cewa suna da kariya daga zazzaɓin cizon sauro mai tsanani.

Shawarata ita ce a gwada jaririn da wuri, kada a dogara da ganin ido, domin himogulobin ɗin da yake zuwa da shi daga ciki yakan ɓoye alamun cutar har zuwa wajen wata shida. Idan aka gano ta tun kafin lokacin, likita zai fara ba shi maganin kariya daga ƙwayoyin cuta da zazzaɓi kafin ciwon farko ya taso.