Tambaya da Amsa: Kai yara gonar zobo da ta kankana a lokacin hutu

Tambaya: Assalamu alaikum. Yarana sun dame ni da hotunan gonakin furanni na ƙasashen waje da suke gani a waya. Shin muna da irinsu a ƙasar Kano ko Jigawa da zan kai su in an yi hutu? Kuma wane lokaci ya fi dacewa? Daga wata uwa, Gyaɗi-gyaɗi, Kano.

Amsa: Wa alaikumus salam, Hajiya. Muna da gonar furanni, kuma ba ta kallo kaɗai ba ce, ita ke ciyar da gidaje: gonar zobo. Jigawa na sahun gaba wajen nomansa a Najeriya, musamman yankin Gumel, Maigatari, Gagarawa da Sule Tankarkar, inda ƙasar jigawa ce mai rairayi kuma ruwan sama bai cika yawa ba. Daga can ake loda buhuna zuwa kasuwar Dawanau, wani kuma har ƙasar Meksiko yake kaiwa, inda su ma suke jiƙa shi su sha.

Lokaci shi ne komai a wannan tafiya. Ana shuka yakuwa da damina, amma ba ta fure sai yini ya gajarta, wato wajen watan Oktoba. Furen fari ne mai ratsin ɗorawa, tsakiyarsa ja wur, kuma kwana ɗaya yake yi a duniya: ya buɗe da safe, kafin la'asar ya yanƙwane. Wanda ya isa gona da la'asar ba zai tarar da buɗaɗɗen fure ba. Don haka ki yi sammako, ko ki kwana a Gumel, ki shiga gona tsakanin ƙarfe bakwai da goma na safe. Bayan furen ya kaɗe, jan kwanson da ke gindinsa ne yake kumbura ya yi tsoka, kuma shi ne zobon da muke sha. Yana ɗaukar mako biyu zuwa uku kafin ya isa cira. Da yake tsiron daga ƙasa yake fara fure yana hawa sama, in kika je daga ƙarshen Oktoba zuwa farkon Nuwamba za ki samu duka biyun a kara ɗaya, fure a sama, jajayen ƙwallaye a ƙasa. In kuwa sai hutun Disamba za ki samu dama, fure ya wuce, sai dai yara su ga ɓara da shanya, wanda shi ma abin gani ne.

Kada ki faɗa gonar mutum kai tsaye. Ki nemi wanda ya san garin ya kai ki wurin mai unguwa ko mai gonar, a gaisa, a faɗi abin da ya kawo ku. Manomi ba ya ƙin baƙo, abin da yake ƙi shi ne a tattake masa kunya ko a tsinke masa fure, domin kowane fure ɗaya zobo ɗaya ne. Ki tafi da goro ko sabulu ko sukari, kuma ki sayi abin da za ki saya a hannunsa. A nemi izini kafin a ɗauki hoton matan da ke ɓara.

Yara su sa takalmi sau-ciki da dogon wando. Kaka lokacin ƙarangiya ne, kuma in ta kama safa ko bakin zane sai an zauna an tsince ta ɗaya bayan ɗaya. Ƙoƙon 'ya'yan da ke cikin zobo yana da siraran gashi masu ƙaiƙayi, shi ya sa za ki ga wasu masu ɓara sun naɗe yatsunsu da tsumma ko leda. In yaro ya taɓa, kada ya kai hannu ido sai ya wanke. A bar su su gwada ɓarewa ƙarƙashin kulawar masu aikin, su ga ƙananan 'ya'yan da ake yin daddawar batso da su, su kuma ji cewa sai an shanya kusan kilo 10 na ɗanye kafin a samu kilo 1 na busasshe. Yaron da ya ga wannan ba zai ƙara raina kuɗin mudun zobo ba.

Tambaya: Duk lokacin da na sayi kankana a hanya sai in tarar da cikinta fari ko salam. Ina so in je gona da kaina. Yaya ake gane nunanniya? Daga wani malamin makaranta, Ringim.

Amsa: Malam, abu na farko da za ka riƙe shi ne kankana ba ta ƙara nuna bayan an cire ta. Ba kamar mangwaro ko ayaba ba ce da za a rufe ta kwana biyu ta yi zaƙi. Yadda aka yanko ta haka za ta zauna, sai dai ta lalace. Yawancin irin da ake shukawa a nan yana nuna cikin kwana 75 zuwa 90, amma in kasuwa ta yi kyau wasu kan yi gaggawar cira, shi ya sa kake haɗuwa da farin ciki irin wanda ba a so.

A gona kana da alamar da mai saye a bakin titi ba shi da ita. Duba inda hannun kankanar ya haɗu da yaɗo, akwai wani ɗan zare mai nannaɗewa. In ya bushe ya koma ruwan ƙasa, ta nuna ko ta kusa. In yana kore shar, bar ta. Sannan ka ɗan mirgina ta a hankali ka ga wurin da ta kwanta a ƙasa: ya zama ya koma ruwan ɗorawa, ba fari fat ba. Bayanta ya dushe, sheƙin ƙuruciya ya tafi, kuma in ka ɗaga ka ji ta fi girmanta nauyi. Ƙwanƙwasawa da kowa ya sani tana taimakawa, nunanniya amonta mai zurfi ne, ɗanya kuwa ƙara take yi kamar an buga katako, amma kada ka dogara da ita kaɗai, kunne na yaudara.

Ka guji wadda ta karkace, gefe ɗaya ya tsuke, domin alama ce ƙudan zuma bai kai mata isasshen garin fure ba, kuma cikinta ba ya cika daidai. Ka guji mai baƙin tabo a ƙasa inda furen ya faɗi, wannan yawanci daga rashin daidaiton ban-ruwa ne, yau ƙishi gobe ambaliya. Mai ɗan huji da danƙo a jiki kuwa ƙuda ya yi ƙwai a ciki. Salam ɗin da kake kuka da shi sau da yawa daga yawan ruwa ne dab da cira. Manomin da ya san aikinsa yana rage ruwa in ta kusa nuna domin zaƙi ya taru.

Tambayi mai gona yaushe ya yi feshi na ƙarshe, ba rashin kunya ba ne. Kuma kada ka cusa hannu ƙarƙashin yaɗo ba tare da ka ɗaga shi da sanda ba, kububuwa na son sanyin wurin.

Kankanar ƙarshen damina tana fitowa wajen Nuwamba, ta rani kuma a lokacin zafi, a fadamun Haɗejiya da filayen ban-ruwa na Bunkure, Kura da Garun Malam da ke shan ruwan madatsar Tiga.

Tambaya: In na sayo kankana da yawa daga ƙauye, yaya zan kai su gida lafiya? Daga wani direba, Kazaure.

Amsa: Shimfiɗa ciyawa ko buhu a ƙasan mota, kada ka ɗora fiye da hawa biyu, kuma kada ka rufe su a but cikin rana na tsawon sa'o'i. Bugu ke sa cikin ya farfashe ya yi laushi ko da bayan bai nuna komai ba. Wadda ba a yanka ba tana yin mako guda zuwa kwana 10 a inuwa mai iska.

Tambaya: Ban da yankawa a sha, me za a iya sarrafawa da kankana a ƙauye inda babu wuta? Daga wata amarya, Ɓaɓura.

Amsa: Amarya, haɗa ta da zobon garinku. Ki wanke busasshen zobo kofi 2 da ruwan sanyi, a gurguje, don yashi ya fita ba tare da launin ya tafi ba. Ki zuba a ruwa lita 3 da dakakkiyar citta kamar girman babban yatsa da kanumfari 6, ya tafasa minti 15, ki tace, ki bari ya huce sarai. Sannan ki wanke bayan kankanar da wuƙar kafin ki yanka, domin wuƙa ce ke jan dattin waje zuwa ciki. Ki cire 'ya'yan, ki murje tsokar a rariya da bayan ludayi har ki samu ruwa lita 1, ki juye a zobon. Ki ɗanɗana kafin ki sa sukari, sau da yawa kaɗan ya isa. Kuskuren da aka fi yi shi ne zuba ruwan kankana a zobo mai zafi, ƙamshinta ya mutu ya koma na dafaffiyar kabewa. Na biyu shi ne cika kanwa don kashe tsami, jan nan mai kyau ya koma baƙi. Zaƙin kankanar ya wadatar.

Ki sa a mazubi mai murfi ki tsoma shi cikin randa ya yi sanyi, a shanye a ranar, domin yana saurin tsami da kumfa. Yankakkiyar kankana ma kada ta wuce awa 2 a zafi, musamman in yara za su sha. Mai ciki da mai shan maganin hawan jini su tuntuɓi likita kafin su yawaita zobo, domin yana saukar da hawan jini.

'Ya'yan kuma kada ki zubar. Ki wanke, ki shanya su bushe, ki yayyafa ruwan gishiri, ki soya a kasko ba mai, wuta kaɗan-kaɗan kina juyawa har su fara fashewa. In akwai gurji a gonar, ki yanka shi da ƙuli-ƙuli da ɗan yaji ki ajiye a gefe, ya dace da sanyin zobon.