Tambaya da Amsa: Ɗalibai Sun Yi Yawa, Fili Ya Yi Kaɗan

Tambaya: Assalamu alaikum. Shekara biyu ke nan yarona yana cin jarrabawar JAMB amma bai samu gurbi ba, wai jami'a ta cika. Me zai hana a ƙara gine-gine a ɗauki kowa? Ko fili ne babu?
Daga wani mahaifi, Unguwar Sanusi

Amsa: Wa'alaikumus salam, Malam. Allah ya sa yana da rabo. Idan aka ce jami'a ta cika, ba lalle ne kujeru suka ƙare ba. Hukumar kula da jami'o'i ta ƙasa, wato NUC, ce ke ƙayyade wa kowane kwas adadin da zai ɗauka, kuma abin da ta fi dubawa shi ne malamai da kayan aiki. A ƙa'idarta, malami ɗaya na ɗalibi 30 ne a fannin shari'a da zamantakewa, 20 a kimiyya, 15 a injiniya, 10 a likitanci. Ke nan sashen injiniya mai malami 20 bai kamata ya wuce ɗalibi 300 ba, daga 'yan aji ɗaya har masu fita. Ko an gina masa bene goma, adadin bai motsa ba. A likitanci ma akwai wani takunkumin: hukumar likitoci ta ƙasa tana duba gadajen asibitin koyarwa, kamar Barau Dikko ga Jami'ar Jihar Kaduna.

Yawan jama'a kuwa gaskiya ne. Ƙidayar 2006 ta ba jihar Kaduna sama da mutum miliyan 6, kuma jariran wancan lokaci su ne ke neman gurbi yau.

Amma kafin a sayi bulo ko ɗaya, akwai lissafin da ya kamata kowace jami'a ta yi. A ɗauki ɗakin lacca mai kujera 500. Daga ƙarfe 8 na safe zuwa 6 na yamma, Litinin zuwa Juma'a, a cire lokacin masallaci, za a samu kamar awa 48. Idan ɗalibi yana zama awa 20 a mako, ɗakin nan shi kaɗai zai ishi mutum 1,200. In kuwa rabin lokacin a kulle yake, sa'annan idan an buɗe rabin kujerun ne ke cika, 300 kawai zai ɗauka. Abin da ke jawo haka sananne ne: kowane sashe ya riƙe makullin ɗakinsa, kowane malami yana son ƙarfe 10 na safe, sai a ga ɗalibai suna leƙe ta taga da hantsi, da la'asar kuma ɗakin babu kowa. Maganinsa jadawali guda na jami'a baki ɗaya, a hannun ofishi guda.

Tambaya: Me ya sa ba a yin benaye masu tsawo a cikin gari maimakon a kai mu bayan gari?
Daga wata ɗaliba, Tudun Wada

Amsa: Malama, bene yana ceton fili, amma da sharaɗi. Farko a gwada ƙasa a san nauyin da za ta ɗauka, a samu amincewar KASUPDA, hukumar tsara birane ta jihar Kaduna. Manyan ɗakunan lacca a ƙasa ake sa su, ƙananan azuzuwa a hawa na ɗaya da na biyu, ofisoshi a can sama, don kada mutum ɗari biyar masu fita su yi karo da ɗari biyar masu shiga a kan matattakala. Matattakalar ma aƙalla biyu, nesa da juna, saboda gobara. Ginin da ya wuce hawa huɗu sai da lif, lif kuma sai da tsayayyar wuta. Ruwa sai an tura shi tanki a sama. Ranar da famfon ya tsaya, banɗakin hawan ƙarshe ne ke fara gaya wa kowa. Mafi haɗari shi ne ɗora sabon hawa a kan tsohon ginin da ba a yi harsashinsa don haka ba.

Kuma akwai abin da ba ya hawa bene: gonar gwaji, filin wasa, ɗakin aikin manyan injuna. Shi ya sa aka daɗe ana gindaya wa mai son kafa jami'a mai zaman kanta sharaɗin hekta 100, kuma shi ya sa ABU, tun kafuwarta a 1962, babban mazauninta yake Samaru, a wajen birnin Zariya.

Tambaya: Idan gwamnati ta karɓi gonakinmu don jami'a, me doka ta ce?
Daga wani manomi, Igabi

Amsa: Dokar filaye ta 1978 ta ba gwamna ikon karɓar fili don amfanin jama'a, diyya kuma a kan abin da ke bisa filin ake biya: gini, amfanin gona, itatuwa, rijiya. Don haka, Baba, ranar ƙidaya ka kasance a wurin da kanka, a ƙirga kowace bishiyar mangwaro da ɗorawa a gabanka da gaban mai unguwa, ka ɗauki hoto, ka karɓi kwafin takardar da aka sa wa hannu. In kana da takardar fili daga KADGIS, hukumar rajistar filaye ta jihar Kaduna, ka tafi da ita.