Daƙiƙa tara na kalangu sun jawo mini takardar lauya

Tambaya: Barista, barka da aiki. Ni mawaƙi ne a Kaduna. Furodusana ya yanko kiɗan kalangu da amshi, daƙiƙa tara kacal, daga tsohon faifan wani mawaƙi da ya rasu, muka ɗora sabuwar waƙa a kai. Ta karɓu sosai, ita ake hawa a TikTok, ita ake sawa a gidan biki. Yanzu YouTube sun sauke ta, 'ya'yan marigayin kuma sun aiko mini da takardar lauya, alhali na rubuta sunan mahaifinsu a ƙasan bidiyon. Mene ne laifina?

Amsa: Ƙanena, rubuta sunan mutum girmamawa ce, amma ba ta zama izini. Maganar da ake yi a situdiyo cewa daƙiƙa kaɗan ba komai, babu ita a Dokar Haƙƙin Mallaka ta 2022. Kotu na duba muhimmancin abin da aka ɗauka. Idan amshin nan ne mutane ke rerawa da zarar an saka waƙarka, to zuciyar waƙar ka ɗauko.

A cikin daƙiƙa taran nan akwai dukiya biyu. Akwai waƙar kanta, wato baiti da karin murya, wadda doka ke karewa har shekara 70 bayan rasuwar mai ita, magada kuma su ke cin gajiyarta. Misali, Alhaji Mamman Shata ya rasu a 1999, don haka lissafinsa sai ƙarshen 2069. Akwai kuma sautin da aka naɗa a faifai, wanda sau da yawa na kamfanin da ya naɗa ne, kariyarsa shekara 50 daga fitowarsa. Ka binciki shekarar faifan. Ta yiwu wa'adinsa ya ƙare, amma hakan bai raba ka da magada ba.

Kada ka yi saurin tura wa YouTube ƙorafi cewa waƙar taka ce kai kaɗai. Rantsuwa ce kake yi a rubuce, kuma gargaɗi uku na keta haƙƙin mallaka na sa YouTube su rufe tasha. Takardar lauyan ma kada ka jefa ta ƙarƙashin katifa. Idan suka je Babbar Kotun Tarayya, wadda ita ke da hurumin irin wannan ƙara, za su iya neman diyya, da umarnin hana ka amfani da waƙar, ko a lissafa ribar da ka ci a ba su.

Shawarata sulhu ne. Sai dai ka sani, tunda waƙar ta riga ta yi tashe, wuƙa da nama na hannunsu. Haka ta faru da ƙungiyar mawaƙa The Verve ta Ingila a 1997: waƙarsu Bitter Sweet Symphony ta zagaye duniya, kuɗin marubuci kuwa ya koma hannun masu haƙƙin wata tsohuwar waƙar ƙungiyar Rolling Stones da suka ɗauko kiɗa daga cikinta, marubucin waƙar Richard Ashcroft bai samu haƙƙinsa ba sai 2019. Kai kana da abin da shi bai da shi: za ka iya ɗaukar dattijo ɗaya, ku je ƙofar gida ku yi sallama. Ka tafi da lissafin abin da waƙar ta kawo na gaskiya, ka miƙa tayin kuɗi a dunƙule, ko kaso cikin ɗari na abin da zai riƙa shigowa, ko duka biyun.

Duk abin da aka amince a rubuta shi. A nan mutanenmu ke yin tuntuɓe: babban ɗa ya karɓi kuɗi ya sa hannu, bayan wata biyu 'yan ɗakin amarya su taso. Ka tabbatar wanda zai sa hannu wakili ne da sauran magada suka naɗa a rubuce.

Idan mai faifan ya tsauwala kuɗi, ka ɗauko makaɗan kalangu su sake kaɗa maka wurin daga farko. Wannan ya raba ka da shi, saura magada kawai. Ka kuma dubo yarjejeniyarka da furodusa, in akwai. Idan ya rubuta cewa kiɗan nasa ne tsaf, kana iya bin sa wani ɓangare na abin da za ka biya.