Amsa: Kalmar "tea", asalinta da kalmomin da ke fita daga cikinta

Ɗan'uwa, ka tambayi inda Turawa suka samo "tea" da abin da za ka haɗa da harufanta a Scrabble, wasan haɗa kalmomi da harufa.

Asalinta daga Sin take. Mutanen gaɓar Fujian suna cewa "te", 'yan kasuwar Holand suka ɗauko ta a ƙarni na 17, daga bakinsu ta shiga Ingilishi. Abin da ya fi burge ni, "shayi" ɗinmu 'yar'uwarta ce. Sauran Sinawa "cha" suke cewa, ita kuma ta biyo ayari ta Farisa, Larabawa suka mai da ita "shay", har ta iso teburin mai shayi.

Ma'anarta ba ganye da abin sha kaɗai ba. A arewacin Ingila, idan aka ce ka zo "tea", abincin yamma ake nufi, kada ka tafi da tsammanin kofi ɗaya.

A wasa kuwa, harufan ukun suna ba ka "eat", "ate" da "eta", wato harafin Girkanci. Maki 3 ne kacal, don haka ka riƙe su har S ta zo hannunka: "seat", "east", "eats", "sate" duk naka ne.