Abokin Ɗakina Ɗan Hindu Ne, Amma Ba Ya Zuwa Wurin Bauta

TAMBAYA: Assalamu alaikum, Malam. Ni ɗalibi ne daga Kano, ina karatun harhaɗa magunguna a birnin Pune na Indiya, kuma ɗakinmu ɗaya da wani ɗan ƙasar da ya ce addininsa Hindu. Ban taɓa ganin ya je wurin bauta ba, yana cin kaza, har ya taɓa ce mini bai tabbata akwai Mahalicci ba. Amma duk ranar jarrabawa sai ya kunna fitila da turaren tsinke a gaban hoton Ganesha mai kan giwa, kuma da na miƙa masa kilishin da aka aiko mini daga gida, yana jin naman sa ne sai ya janye hannu. Shin wannan mai addini ne, ko suna kawai ya gada?

AMSA: Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Abin da ya ɗaure maka kai ya samo asali ne daga ma'aunin da ka ɗauka, domin a Musulunci kalmar shahada ce ƙofar shiga, kuma wanda ya musanta samuwar Allah ya fita. Addinin Hindu ba a kan irin wannan tsari ya ginu ba. Ba shi da mutum ɗaya da ya kafa shi, ba shi da majalisar malamai ɗaya da ke yanke hukunci a kan kowa, kuma ko da yake ana girmama littattafan Veda guda huɗu, yawancin mabiya ba daga cikinsu suke koyon addini ba, daga iyaye da kakanni suke ɗaukarsa. Wasu Vishnu suka riƙa, wasu Shiva, wasu kuma abar bauta mace, kamar Durga ko Kali. Har a cikin tsofaffin mazhabobinsu na tunani akwai irin su Samkhya da Mimamsa, waɗanda ba su dogara da samuwar mahalicci ba, amma ba a cire su daga addinin ba.

Rashin zuwansa wurin bauta kuwa ba abin mamaki ba ne, tunda babu wani taron mako-mako da ya wajaba a kansu kamar Juma'a. Cibiyar ibadarsu kusurwar ɗaki ce, inda ake ajiye hoto ko gunki, a kunna fitila, a sa furanni, kuma Ganesha suke nufa idan za su fara wani muhimmin abu, saboda sun ɗauke shi mai kawar da cikas.

Batun kilishi shi ne ya fi bayyana lamarin. A binciken da cibiyar Pew ta Amurka ta fitar a 2021, bayan ta tattauna da mutum kusan 30,000 a Indiya, kashi 72 cikin 100 na 'yan Hindu sun ce mai cin naman shanu ba zai zama ɗan Hindu ba, alhali kashi 49 ne kawai suka faɗi haka game da wanda bai yarda da Ubangiji ba, kashi 48 kuma game da wanda ba ya zuwa wurin bauta. Waɗanda ba sa cin nama kwata-kwata kashi 44 ne. Ka ga ke nan abokinka ya riƙe iyakar da mutanensa suka fi tsarewa, kuma a ganina mutumin da yake kiyaye wannan a ɗakin da iyayensa ba sa ganinsa ya wuce a ce suna kawai ya gada.

Hukuma ma ba ta iya zana iyakar da aƙida ba. Dokar auren 'yan Hindu ta 1955 ta haɗa da mabiya Buddha da Jain da Sikh, sannan ta shafi duk wanda ba Musulmi ko Kirista ko Bayahude ko Parsi ba. A ƙidayar 2011, kashi 79.8 na mutanen Indiya, wato kimanin miliyan 966, a matsayin 'yan Hindu aka rubuta su, daga mai azumi kowane mako har zuwa mai shakka irin abokinka.

Sai dai kada ka ɗauka wannan sassauci ya game komai. Inda haihuwa ce ke ba mutum addini, ita ce kuma ta daɗe tana ba shi matsayi, wato tsarin rukunin jama'a da ake gada. Kundin tsarin mulkin 1950 ya haramta ƙyamar waɗanda ake kira Dalit, wato waɗanda wannan tsari ya ajiye a ƙasan kowa, amma duk da haka B. R. Ambedkar, wanda ya jagoranci rubuta kundin, ya bar Hindu ya koma addinin Buddha a Nagpur a 1956 tare da dubban ɗaruruwan mabiyansa. Don haka kana iya tambayar abokinka game da bukukuwan gidansu da abin bautar da danginsa suka riƙa, amma kada ka tambaye shi rukuninsa sai idan shi ya fara kawo maganar.